Guzurin shiga dawa: Abin da matafiyi daga Minna zai loda a mota kafin zuwa kallon namun daji

Da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen Oktoba, iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa, sai dawa ta soma buɗe fuskarta. Gamba da sauran dogayen ciyayin da suka rufe komai tsawon watanni shida sukan bushe su kwanta, ƙananan rafuka su ƙafe, namun daji kuma su riƙa tattaruwa a 'yan wuraren da ruwa ya rage. Daga Disamba zuwa Afrilu, wanda ke son ganin giwa ko ɓauna da idonsa ya fi samun rabo, domin ƙishirwa ce ke fito masa da su fili.

Amma ƙishirwar da ke fito da dabba ita ce kuma ke jiran mai kallonta. Magidancin da ya tada motarsa da asuba daga Tunga ko Bosso a Minna, ya ɗauki iyalinsa da niyyar tuƙa kansa har cikin gandun daji, yana shiga wurin da babu gidan mai, babu mai faci, babu kemis, wani lokaci ma babu sabis na waya. Abin da ya loda a bayan motar shi ne kasuwarsa, shi ne asibitinsa, shi ne garejinsa.

Turawa na kiran irin wannan tafiya da safari, kalmar da suka aro daga Suwahili, su kuma Suwahilawa suka samo ta daga Larabci. Tushenta ɗaya da kalmar safara da Bahaushe ya sani tun zamanin fatake. A Afirka ta Kudu da Namibiya, tuƙa kai cikin gandun daji al'ada ce da ta zauna: a gandun Kruger, wanda aka ayyana a 1926, akwai titunan kwalta da gidajen mai da shaguna a manyan sansanoni. A Najeriya lamarin ba haka yake ba. Shi ya sa shirin matafiyin nan ya fi kama da na bafatake: ya lissafa zangonsa, ya san inda rijiya take, ya kuma tambayi labarin hanya kafin ya ɗaura wa jaki mangala.

Kayan farko shi ne labari

Ga mutumin Minna, gandun da ya kamata ya fara zuwa zuciya shi ne na Tafkin Kainji, wanda mafi yawansa ke cikin Jihar Neja, wani ɓangare kuma ya shiga Kwara. Shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya, an kafa shi a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗe gandun Borgu da na Zugurma. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340, sashen Borgu na da kimanin 3,970, na Zugurma kuma 1,370. Kogin Oli ne ke ratsa sashen Borgu, kuma a bakinsa ne aka saba ganin dorina da kada da gwanki da kanki da gwaggon biri. Daga Minna, ana fita ta Kpakungu a bi Bida, a wuce Mokwa, sannan a doshi New Bussa, garin da aka gina wa mutanen tsohuwar Bussa lokacin da ruwan madatsar Kainji ya cinye garinsu a ƙarshen shekarun 1960. Tafiya ce ta sama da kilomita 300.

Sai dai Kainjin yau ba ta jiya ba ce. A Yunin 2024, cibiyar bincike ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoto cewa 'yan bindiga masu alaƙa da ƙungiyoyin yankin Sahel na tsallakowa daga arewacin Jamhuriyar Benin suna fakewa a gandun. A ranar 21 ga Nuwamba, 2025, aka sace ɗalibai da malamai sama da 200 daga makarantar St. Mary's ta Papiri a Ƙaramar Hukumar Agwara, maƙwabciyar Borgu. Ba a Najeriya kaɗai abin ya tsaya ba: a watan Agustan 2020 an kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a yankin Kure, kusa da Yamai, inda ake zuwa kallon raƙumin dawa.

Don haka abu na farko da mai tafiya zai tanada ba ya shiga jaka. Shi ne ya tuntuɓi Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa, ko ofishin gandun da ke New Bussa, ya ji daga bakinsu ko ana karɓar baƙi a wannan lokacin, kuma wace hanya ce suke ba da shawarar a bi. In amsar ta zo da ƙwauron baki, to magana ta ƙare. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hoton da wani ya ɗora a Facebook shekara biyar da suka wuce ba shaida ba ce kan halin da hanya ke ciki a wannan makon.

Wannan ne ya sa da yawa daga masu sha'awar kallon namun daji a Arewa ke karkata zuwa Yankari a Jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma yana ɗauke da garken giwaye da aka ƙiyasta tsakanin 100 zuwa 150, ɗaya daga cikin mafiya girma da suka rage a ƙasar nan. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya gano cewa zakunan Afirka ta Yamma sun rage kimanin 400, a wurare huɗu kacal, biyu daga cikinsu kuwa su ne Kainji da Yankari.

Daga Minna zuwa can tafiya ce mai nisa, sama da kilomita 600: ta Chanchaga zuwa Suleja da Abuja, a bi Keffi da Akwanga a hau Jos, a gangara Bauchi, a kama hanyar Gombe zuwa Dindima, sannan a karya zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai wasu kilomita 42. Mai hankali yakan raba ta gida biyu, ya kwana a Jos ko Bauchi, don kada dare ya riske shi a hanya. Yankarin ma a tambaya kafin a tashi, domin babu dajin Arewa da za a ba wa shaida ta dindindin a wannan zamani. A kuma bar wa wani a gida cikakken bayani: hanyar da za a bi, inda za a kwana, ranar dawowa, da lambar motar.

Ruwa kafin komai

In an samu labari mai daɗi, sai ruwa. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a wannan yanki kan haura digiri 40, a lokacin hunturu kuma busasshiyar iska na tsotse ruwan jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba. Wannan ne hatsarin hunturu: mutum ba ya jin ƙishirwa sosai har sai ciwon kai da jiri sun kama shi. Babba ɗaya na bukatar lita huɗu zuwa biyar na sha a yini. Iyali mai mutum biyar a tafiyar kwana huɗu na bukatar abin da bai gaza lita 80 na sha kaɗai ba, wato jarkoki huɗu masu lita 20. Ko da ana sa ran sayen ruwa a hanya ko a sansani, ya kamata a ware ruwan kwana biyu da ba za a taɓa ba sai larura ta kama.

Hikimar ita ce a rarraba shi. Jarka ɗaya babba in ta tsage a gargada, ta tafi da komai; jarkoki uku ko huɗu ƙanana ba za su fashe lokaci guda ba. Ruwan leda na da arha, amma yana fashewa a ƙarƙashin kaya, yana ɗaukar zafi, kuma ledarsa na zama sharar da dabbobi ke haɗiya. A ware jarka daban, a yi mata alama, don alwala da wanke hannu da zubawa a lagireto. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko kananzir a ciki kuwa ba ta ruwan sha ba ce, ko sau nawa aka wanke ta. Tsohuwar dabarar matafiya har yanzu tana aiki: a naɗe gorar ruwa da jiƙaƙƙen buhu ko tawul, iska na bugunsa ruwan na yin sanyi, kamar yadda salka ke yi wa masu raƙuma.

Tare da ruwan, a riƙe ƙunshin gishirin ORS da ake sayarwa a kemis. In babu, ana haɗa shi a gida: ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Yaron da zawo ya kama a tsakiyar dawa, wannan haɗin na iya riƙe shi har a kai asibiti.

Motar da za ta kai, ta kuma dawo

Titin shiga Wikki na kwalta ne, amma hanyoyin kallon dabbobi burji ne da rairayi da duwatsu. Mota mai tsayi daga ƙasa, irin su Hilux ko Prado, ta fi dacewa. Mai ƙaramar mota gara ya ajiye ta a sansani ya shiga motar gandun. Ko da motar mutum ce, ba a barin baƙo ya kutsa dawa shi kaɗai, sai da jagora daga ma'aikatan wurin, don haka a bar masa kujera tun daga gida, kada a cike ta da kaya.

Mako guda kafin tafiya, a kai motar wurin bakanike: a juye baƙin mai, a duba birki da batir da fambel da bututun lagireto. A ba matatar iskar inji kulawa ta musamman, domin ƙurar hunturu na toshe ta cikin 'yan kwanaki. Riƙe sabuwa guda a mota ba asara ba ce. Taya kuwa ita ce ke yawan ba da kunya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2321, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan amfani da tayar da ta haura shekara huɗu, kuma zafin kwalta a bazara ba ya yafe wa tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba. A gwada iskar taya da safe tun tana da sanyi. Sifiya guda wajibi ce, biyu sun fi kwanciyar hankali, domin ƙayar dawa ba ta san mutum ya riga ya yi faci ɗazu ba.

Sauran kayan ba su da yawa: jak mai aiki da guntun katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai cikin rairayi, sifanar taya, famfon iska, igiyar jan mota, wayoyin tada batir, shebur ƙarami, tocila, da tukunyar kashe gobara wadda wa'adinta bai ƙare ba. Wannan ta ƙarshe ba don tsoron jami'an hanya kaɗai ba ce. Busasshiyar ciyawa na maƙalewa a ƙarƙashin mota kusa da salansa mai zafi, kuma haka gobara ke tashi a dawa. Duk lokacin da aka tsaya inda jagora ya yarda a sauka, a leƙa ƙasan motar a cire abin da ya maƙale. In inji ya yi zafi, a kashe shi a jira. Buɗe murfin lagireto yana tafasa ya ƙona fuskoki da yawa.

A cika tanki a Bauchi kafin a kama hanyar Dindima. Wanda zai ɗauki ƙarin mai ya zuba shi a jarkar ƙarfe mai murfi ƙwarai, ya ɗaure ta a waje, nesa da fasinja da risho da ashana. Mutanen Neja ba sa bukatar a faɗa musu abin da fetur ke iya yi: a ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar mai ta yi bindiga a mahaɗar Dikko, a kan wannan hanya ta Suleja, mutum sama da 80 suka rasu.

Takardun mota da lasin tuƙi da katin shaida su kasance a leda guda a kusa da direba, saboda shingayen bincike suna da yawa. A riƙe tsabar kuɗi, har da ƙananan takardu, domin inda babu sabis babu tura kuɗi ta waya. A sauke taswirar hanya a waya tun ana da intanet, a riƙe layukan kamfanoni biyu da batirin cajin waya, a kuma rubuta muhimman lambobi a takarda, ciki har da 112 ta kiran gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra.

Sutura da lafiyar jiki

Rani na da fuska biyu a yini guda. Fitar kallon dabbobi ta fi armashi da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da suke zuwa shan ruwa a bakin Kogin Gaji, kuma a Disamba da Janairu sanyin asubar dawa na ratsa ƙashi. Da hantsi kuwa sai a nemi inuwa. Saboda haka a sa kaya hawa-hawa: rigar sanyi a sama, rigar auduga mai dogon hannu a ciki. Launin ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu ya fi dacewa. Farar shadda za ta koma ja kafin azahar, kuma dabba na hango ta daga nesa. Baƙi da shuɗi kuwa su ne launukan da ke jawo ƙudan tsando, wanda ke zaune a kurmin bakin kogi. Ba banza ba ake yin tarkonsa da ƙyallen waɗannan launuka biyu. Cizonsa na da zafi, yana kuma ratsa yadi marar kauri.

Malafa ko hula mai faɗi, tabarau na rana, da rawani ko mayafi da za a rufe hanci da baki in ƙura ta taso, duk suna da amfani. Man kaɗanya, wanda Jihar Neja ke cikin manyan masu samar da shi a ƙasar nan, ya isa maganin tsagewar leɓe da kaushin ƙafa. Takalmi ya zama rufaffe, kuma a kakkaɓe shi kowace safiya kafin a sa, saboda kunama. Ba a fita da dare babu tocila, domin kububuwa na da launin ƙasa kuma ba ta gudu. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a garzaya asibiti. Asibitin da ya fi shahara da maganin saran maciji a wannan yanki yana Kaltungo, a Jihar Gombe.

Akwai guzuri ɗaya da ake yi tun kwana goma kafin tashi: allurar riga-kafin shawara. A watannin Agusta da Satumba na 2019 cutar ta ɓarke a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, kuma hukumomin lafiya sun gano cewa wasu daga cikin waɗanda suka kamu sun ziyarci Yankari. Allura ɗaya na ba da kariya har ƙarshen rayuwa. Bayan ita, a ɗauki gidan sauro da man korar sauro, maganin zazzaɓi da na ciwon kai, bandeji da auduga da maganin wanke rauni. Masu hawan jini ko ciwon sukari ko asma su ɗauki maganin da ya zarce kwanakin tafiyar, su ajiye shi a inuwa, ba a gaban mota inda rana ke dafa shi ba.

Abinci, da ɓarayin Wikki

A nan kakanni sun riga sun gama aikin. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙulin Bida, soyayyiyar gyaɗa, dabino, garin rogo, zuma da burodi duk suna jure zafi ba tare da firji ba, kuma ana samunsu a Kasuwar Kure kafin a bar Minna. Fura da nono da dafaffiyar shinkafa na yini guda ne. In suka kwana a mota mai zafi sun zama cuta. Kilishi da ƙuli-ƙuli na ƙara ƙishirwa, don haka a ci su da lissafin ruwa. Filas na ruwan zafi don shayin asuba ƙaramin abu ne da ke gyara fitar safe.

Duk abincin ya shiga mazubi mai murfi da ke kullewa. Gwaggon birin sansanin Wikki sun shahara da ƙwace: sukan fizge leda daga hannun yaro, su shiga ɗakin da aka bari a buɗe, su zura hannu ta gilashin mota. Mugun dawa ma na yawo a tsakar sansanin kamar tumakin gida. Ba su abinci da hannu shi ne ya koya musu wannan hali, kuma cizon biri ba wasa ba ne.

Abin da ake bari a gida

Shirya kaya ya haɗa da sanin abin da ba za a ɗauka ba. Bindiga da gwafa da tarko haramun ne a gandun daji, doka kuma na hukunta farauta da cinna wuta. Lasifika da kiɗa mai ƙara na korar abin da aka yi doguwar tafiya don gani. Turare mai ƙarfi na kiran ƙudan zuma. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi sai da izini, kuma a yankin da ake fama da matsalar tsaro yana iya jawo wa mai shi tambayoyin da bai shirya amsawa ba. Madadinsu, a ɗauki madubin hangen nesa ko da guda ɗaya ne a riƙa karɓa-karɓa, ƙyalle mai laushi na goge ƙura daga kyamara, buhun zuba shara da za a fito da ita, da kayan wanka, domin ruwan ɗumin Wikki na nan a digiri 31 rani da damina, garau har ana ganin yashin ƙasansa.

Sai haƙuri, wanda ba a sayarwa a kasuwa. Gandun daji ba gidan zu ba ne. Ana iya kwana uku ba a ga giwa ba sai sawunta da kashinta da rassan da ta karya, wani kuma ya ci karo da garke guda a fitarsa ta farko. In aka gamu da su, a tsaya nesa, a bar musu hanya, kada a danna ham, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada kowa ya sauka sai da izinin jagora.

A cikin Yankari akwai wani wuri da ake kira Rijiyoyin Dukkey: ramuka sama da 130 da mutanen da suka haƙa a dutse, suka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Ba su da mota, ba su da waya, amma sun san cewa wanda zai ratsa wannan dawa da rani sai ya fara lissafin abin da zai sha. Matafiyin da ya isa wurin daga Minna, da jarkokinsa a bayan mota da sifiyarsa a ɗaure, ya tsaya a bakin ramukan ya leƙa, zai gane cewa lissafi ɗaya suka yi da shi.